Lemon Saman Bene

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Durun, daga bakin mahaifinka Jibo, zuwa gare ka, kai da ke masauki a Fagge kana jiran jirgi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya, gajiyar mota ta sake ka. A gaida maigidan da ya sauke ka, shi da iyalinsa, Allah ya saka masa da alheri. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Labarin gida ba zan ba ka ba, don ba ka daɗe da barinsa ba, kuma ba shi ya sa na baro tsigar gyaɗa na tako har Kabo na tsuguna gaban Malam Sule ina faɗa yana rubutawa ba. Ya tambaye ni sunan da zai sa a bayan ambulan, na ce masa ai ya san shi tun kana ajinsa. Ni dai ban taɓa kama sunan ɗan fari ba, ba kuma yau zan fara ba.

Abu biyu suka kawo ni. Na farko, innarka ta ce abokanka na makaranta za su yi maka walimar ban kwana a ɗakin nan na saman bene a filin jirgi, inda ake sayar da abin sha, wai can manya ke zama kafin a kira su. Da na ji haka sai da gyaɗar da ke hannuna ta zube. Na biyu kuwa ka san shi. Ran da za ka tafi ka zo ka durƙusa a bakin rumbu ka ce in yafe maka maganar karsana, ni kuwa ban ɗaga kai ba, har motar Garba ta yi ham ka tashi ka tafi. Tun ranar innarka dangwarar da kwano take yi a gabana, ba ta ajiyewa. Za mu zo kan wannan. Kada ka tsallake zuwa ƙarshen takarda, na san halinka. Ka bi ta yadda na faɗe ta.

Ɗakin nan na san shi. Ka tashi ka ji yara suna ce mini Jibo Mai-ƙanƙara, ka kuma ji yadda ake ba da labarin a kasuwar Gwarzo, ana dariya har da riƙe ciki. Abin da ake faɗa rabin magana ne, shi ma an yi masa ƙari. Ni da abin ya faru a kaina bari in ba ka shi daga tushe, don kana can makarantar kwana sa'ad da aka yi, kuma ba ka taɓa tambayata ba. Ku 'yan boko ba ku tambaya, sai dai ku gaya wa mutum.

Shekarar nan ce da gyaɗa ta yi kyau har buhu ya yi wuyar samu, baffanka Sambo ya sayar da tasa ya haɗa da bijimai ya biya kujerar Makka ta jirgin sama. A lokacin muna 'yar tsama da shi a kan tsamiyar nan ta iyakar gonar gado. Shi ya ce a nasa take, ni na ce a nawa. A nawa take, har gobe, ina nan Baba ya nuna mini inda ya kafa turke. To, amma dai saboda ita mun daina cin tuwo a akushi ɗaya. Muna gaisawa, gaisuwar da ba ta wuce leɓe.

Ana gobe za su tashi zuwa Kano, da la'asar, Yaya Sambo ya bi gida gida yana neman gafara kamar yadda maniyyaci ke yi. Ya zo ya same ni ina gyaran igiyar shanu. Shi ne babba, amma ya tsuguna. Ya ce, "Jibo, tafiya ce mai nisa. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Na ce, "Ai ina cikin 'yan rakiya. Sai a bakin jirgi."

Ya dube ni ya ce, "Kai dai ba ka canjawa." Ya kakkaɓe gwiwa ya tafi.

A raina na riga na yafe, Allah shaida ne. So nake ya ɗan kwana da ita, kuma so nake in faɗa a gaban jama'a, a ce ga ƙane mai haƙuri. Ka riƙe wannan, ita ce ta fari: maganar da ta nuna a bakinka, ka sauke ta nan take. Kada ka sa mata rana, kada ka zaɓa mata wuri. Ba kai ke da ranar ba.

Muka tafi Kano da bazara, zafin nan na kafin ruwa ya sauka, wanda ko kadangare sai ya nemi inuwa. Aka ce jirgi yau, aka ce gobe, aka ce sai an gyara wani abu. Maniyyata suna cikin rumfarsu an kewaye su, mu 'yan rakiya muna waje gindin darbejiya, kowa ya yi baƙi ya yi zuru-zuru. Furar da muka taho da ita ta yi tsami ta ƙare. Famfo ɗaya, layi kamar na awon gyaɗa, ruwan kuma in ka samu ɗumi gare shi kamar an sauke daga murhu. A ɗaure a ƙuguna akwai lalita, a ciki akwai kuɗin bakin garma da na yi niyyar saya a birni kafin mu juyo, don nawa ya cinye har ya zama kamar cokali.

Ran nan bayan azahar ƙishirwa ta kore ni na shiga babban ginin ina neman randa. Na ga matakala na hau. Ba wanda ya hana ni, don na sa rigata mai aska da rawani, ka san ba na zuwa birni a wulaƙance. Na tura wata ƙofa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce wurin ba daɗi ba. Masu yi wa 'ya'yansu faɗa su ce abu kaza ba daɗi, su ne ke sa yaro ya ɗanɗana ya ce ashe tsoho maƙaryaci ne. Akwai daɗi. Iska ta dake ni a fuska kamar na leƙa rijiya da asuba. Fanka a sama suna juyawa, ba wanda ke kaɗa su. Kujeru masu laushi, in ka zauna sai su karɓe ka kamar sun daɗe suna jiranka. Bango guda kuwa gilashi ne tun daga sama har ƙasa, ga jirage can a fili kamar shanu a makwanta. Hayaniyar nan ta ƙasa, kukan yara da kiran sunaye, duk ta ɗauke ɗif. A can ƙurya akwai dogon teburi da kwalabe jere, Turawa da wasu masu kwat suna zaune a kan kujeru masu dogayen ƙafafu. Na ga kwalaben, na kawar da kai, na zauna nesa da su.

Sai ga wani saurayi cikin fararen kaya da jan ɗamara, ya rusuna. "Sannu da zuwa, Baba. Me za a kawo?"

To kai ka gaya mini. A duk ƙasar nan, daga Durun har Madadi, in ka shiga zaure aka ce maka sannu da zuwa, aka ce me za a kawo, me kake ɗauka? Ni na ɗauka gwamnati ce ta yi wa baƙin Allah da masu raka su tanadi. Na ce, "Ɗan nan, yaushe baƙo ya fara zaɓe? Abin da ya sawwaƙa, in dai ba na cikin kwalaben can ba ne."

Ya ɗan tsaya. Ya ce, "Baba, ka san fa nan..."

Na ce, "Na sani. Tun ba a haife ka ba nake shiga gidajen mutane."

Ya juya ya tafi. Wannan ita ce ta biyu, kuma ka sa a ranka da kyau tunda ƙasar da za ka ba ka san kowa ba: duk wanda ya ce maka "ka san fa", ka rufe bakinka ya ƙarasa. Ko yaro ne, ko mai shara ne. Da na bar saurayin nan ya kai ƙarshen maganarsa, da yau ba ni da abin rubuta maka.

Ya kawo lemo a tambulan, ja-ja, da ƙanƙara tana yawo a kai tana ƙara kamar ƙararrawar akuya. Ni ƙanƙara ta sama kaɗai na sani, wadda ke kashe gero. Na yi bisimilla na kurɓa. Sanyin ya bi haƙorana ya hau goshi ya sauka har cibiya. Wallahi sai da na rufe ido. Na ji kamar an zare mini ƙaya daga maƙogwaro. Ban taɓa shan abu kamarsa ba, kuma ban sake ba.

Ina cikin haka sai kunya ta kama ni. Ni ina nan ina shan sanyi, mutanena suna ƙasa rana tana gasa su? A gidanmu ba a yi mana tarbiyyar shan abu a ɓoye ba. Na sauka na kirawo su: kawunka Isuhu na Madadi, da Mamman Dogo na Dugabau, da sauran waɗanda muka zo tare. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa suka shigo a jere. Wasu suka ƙi kujera suka zauna a ƙasa.

Isuhu ya dubi fanka ya dube ni ya ce, "Yaya Jibo, ashe kana da gidan sauka a birni ka bar mu muna kwana da sauro?"

Na ce, "Zauna dai ka sha, ɗan ƙauye."

Mamman Dogo kuwa ya tsamo ƙanƙararsa da yatsa, ya naɗe a hula ya mai da ita kansa, wai zai kai wa maiɗakinsa ta gani. Ba a jima ba ruwa ya fara bin ƙeyarsa yana shiga riga, shi kuma ya ƙi cirewa don kada a ce ya yi wauta. Muka yi ta dariya har Turawan suka juyo. Duk wanda tambulan nasa ya ƙare, saurayin ya dube ni, ni kuma in gyaɗa kai in ce madalla, don a ganina yabon mai gida nake yi. Shi kuwa a wurinsa na ce a ƙaro ne.

Can wani Bature mai jan wuya ya ɗaga kofinsa sama yana dubana yana murmushi. Mutum ya gaishe ka, ka ƙi amsawa? Na ɗaga nawa. A daidai lokacin wani ɗan Kabo, yaron masu sayen gyaɗa, ya leƙo ta ƙofa yana neman ubangidansa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Abin da ya gani ke nan: Jibo a mashaya, da jan abu a hannu, suna ɗaga wa juna kofi da Bature.

Da cikin kowa ya ɗauka, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan zai je ya kama ruwa, wancan zai duba kaya. Isuhu ya ce mini, "Mu sauka, kada a kira su." Na ce ya yi gaba ina zuwa, ai an yi ta kiran nan ba a tashi ba. Na ce bari in ɗan miƙe ƙafa. Akwai lasifika a bango tana ta magana da Turanci, in ta juya Hausa kuma kamar mai magana a cikin tulu. Ban kula ta ba. Iskar nan tana shafa ni, kujerar nan ta riƙe ni. Barci ya ɗauke ni da rana tsaka, ni da ko a gona ba na ƙailula.

Rugugi ya tashe ni. Gilashin nan har rawa yake yi. Na duba ƙasa, sai ga layin maniyyata sun fito fili suna tafiya wajen jirgi. Na gane Yaya Sambo tun daga nesa, da ɗingishin nan nasa na harbin bijimi, da butarsa a hannu. Kowa na gaba yana sauri, shi kaɗai yake tsayawa yana waiwaye wajen shingen da 'yan rakiya suke. Ya yi taku kaɗan ya waiwayo. Na bayansa suna ture shi, ya matsa gefe ya sake dubawa. Ni yake nema. A ƙasa yake nemana, cikin mutanenmu, inda ya kamata in kasance. Bai ɗaga kai sama ba, me zai sa ya nemi ƙanensa a saman bene?

Na buga gilashin da tafin hannu. Na ƙwala masa kira. Gilashin da ya hana hayaniyarsu ta dame ni, shi ya hana muryata ta kai gare shi.

Na yi ƙofa da gudu, sai ga saurayin nan a gabana da 'yar takarda a faranti. Ya ce, "Baba, kuɗin abin sha." Na ce wane kuɗi? Ya faɗa. Na ce lemon ne ko gonar lemon? Na tsaya ina musu, ka ji, jirgi yana ruri ni ina musu, don ban saba a ce na yi kuskure in yarda nan take ba. Da na ga ba mafita na kama kwance lalita, innarka kuwa ta yi mata ƙullin nan nata na tsoron ɓarayin birni. Na sa haƙori. Na zazzage masa kuɗin garma a faranti, kusan duka suka tafi. Kada ka ce ya cuce ni, bai cuce ni ba, aikinsa ya yi, kuma ya so ya gaya mini tun farko. Da ya fahimci abin da ke faruwa ma shi ya ja hannuna muka bi ta wata gajeriyar hanya. Muka iso shinge an riga an janye matakalar jirgi.

Na faɗa, a bakin shingen. Na ce na yafe, da ƙarfi, har mutane suka juyo. Iskar jirgi ta kwashe maganar ta watsa mini ƙasa a baki.

Yanzu bari in gaya maka abin da lemon nan ya ci, don 'yan kasuwar Gwarzo kuɗin garma kawai suka sani. Wannan shi ne mafi araha. Daminar nan da hannu na yi huɗa, shanu suna tsaye suna kallona, bayana ya gaya mini. Ya wuce.

Na biyu, kafin motarmu ta iso gida labari ya riga mu, wai na sha giya da Nasara. Kai ka san abin da nake da shi a garin nan ba dukiya ba ce, ba karatu ba ne. Abin da ke kaina ne. Na san wanda ya dasa kowace kuka, na san inda kowace iyaka ta bi kafin a tuge gamba, na san saniyar da ta haifi saniyar da ta haifi wadda ke turken kowa. In an yi rigima ni ake kira. To a daminar nan aka yi rigimar burtali, hanyar shanun nan da ke bi ta gabas da Dugabau zuwa rafi, masu gyaɗa sun ci ta daga gefe da gefe. Dattawa suka zauna, na tashi zan yi bayani, sai wani ya ce, "A dakata da shaidar Jibo tukuna, sai an san abin da ya sha." A gaban surukaina. Na rantse, Isuhu ya rantse, Mamman Dogo ya rantse har da nuna hula. Kafin liman ya wanke ni an riga an yanke magana ba da ni ba, burtali ya tafi. Zagayen nan da kuka riƙa yi da shanu in kun zo hutu kuna tsine wa ƙaya, lemon nan ne. Saboda haka kada ka ce mini ai lemo kawai za ka sha. Ni ma lemo na sha. Mai leƙowa ta ƙofa ba ya ɗanɗana abin da ke kofinka, wurin da ka zauna yake gani. Can inda za ka ma akwai 'yan ƙasarmu, kuma su ma suna rubuto takarda gida.

Na uku shi ne wanda ba a ba da labarinsa a kasuwa. Da alhazai suka dawo muka je tarye, Yaya Sambo ba ya ciki. Zafi ya kayar da shi a Mina, a can aka binne shi. Allah ya jiƙansa, ya samu wurin kwanciya da kowa ke roƙo. Alhaji Tanko, wanda suka zauna kujera ɗaya a jirgi, shi ya kawo mini butarsa. Na ja shi gefe na ce, bai bar mini magana ba? Ya ce ya bari. Ya ce tun a jirgi ya ce, "Na duba ban ga Jibo ba." Da ciwo ya yi tsanani kuma ya ce, "Ku gaya wa mai taurin kan nan ni na yafe masa. Tasa yafiyar kuma ya riƙe, in ya zo ya kawo mini."

Ina riƙe da ita. Tsamiyar nan kuwa tun daga shekarar ban sake tsinkar ko ɗaya ba, 'ya'yansa ke kaɗawa. A nawa take, amma su kaɗa.

To yanzu ka gane abin da ya sa gyaɗa ta zube daga hannuna. Jibi innarka za ta biyo motar Garba ita da ƙanwarka su raka ka. Ta sa an daka fura tun yau, ta ware nonon da ba a taɓa ba. Ka san ba za ta hau benen nan ba ko an ɗaura mata igiya. A bakin shinge za ta tsaya, cikin rana, da ƙwarya a kai, tana leƙen duk mai kwat. Kai kuma kana sama da abokanka, ana ɗaga maka kofi ana kiranka likita, ba ka jin komai sai fanka. Za ka ce minti kaɗan ne. Kujerun nan ba su san minti kaɗan ba.

Ban ce ka wulaƙanta abokanka ba. Ka hau ku gaisa a tsaye, ka yi musu godiya, ka ce tsohuwarka tana ƙasa. Wanda ya ji haushin wannan ba abokin tafiya ba ne. In ƙishirwa ta dame ka, ga fura, ba mai biyo ka da takarda a faranti. Ka tsaya wurinta har a kira ku. In ka kai matakalar jirgi ka waiwayo ka ɗaga mata hannu, ka daɗe kana ɗagawa, don idonta ba kamar da ba.

Can ƙasar Turawa kuma an ce sanyi ne ke korar mutum, ba zafi ba. To ɗakunan nan za su zo maka da wuta maimakon fanka, da ɗumi maimakon ƙanƙara, ga kewar gida, ga ba wanda ya san ubanka. Ba zan iya bin ka in tsaya a kowace ƙofa ba. Abin da na sani shi ne, duk inda ka shiga ka ji daɗi ya sauko maka lokaci guda, ka tambayi kuɗinsa da babbar murya tun kafin ka zauna, ba abin kunya ba ne. Ka kuma tambayi kanka wa ka baro a waje. In aka ɗaga maka kofi, ka sa hannu a ƙirji ka rusuna, ya isa gaisuwa.

Saura maganar karsana. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi, ba zan ɓoye maka ba. Mutum zai tafi koyon maganin dabbobi, abin da ya fara yi shi ne ya kai saniya kasuwar Gwarzo a ɓoye ya sayo kwat da akwati! Taka ce, na sani, ba sai ka sake gaya mini ba. Amma ka san ko jikar wace ce? Jikar Mai-tozali ce, wadda baffanka Sambo ya ja da hannunsa ya ɗaure a turkenmu ran sunanka, tun muna cin tuwo a akushi ɗaya. A duk garken nan ita kaɗai ta rage daga wannan jini. Da ka tambaye ni da na ba ka bijimi ka sayar. Ba ka tambaya ba. Ni ma ban taɓa zaunar da kai na gaya maka ba, ina ganin ai ya kamata ka sani. Ta ina za ka sani?

Ran da ka durƙusa a bakin rumbu, na ce a raina bari ya ɗan kwana da ita. Sai da ƙurar motar ta kwanta innarka ta fito ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, sai a bakin jirgi ke nan?" Ta juya ta koma ciki. Matar nan ta san inda take sa allura.

Ba zan zo filin jirgi ba. Gyaɗa tana ƙasa, gara tana jira, kuma tun daga waccan rana ban sake taka wurin ba. Ba kuma zan ba innarka saƙo ba, don saƙon baki na san yadda yake isa. Na sa Malam Sule ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya karanta mini har sau biyu in ji ko ya rage wani abu.

Na yafe maka. Maganar karsana da wadda ba karsana ba, wadda na sani da wadda ban sani ba, duniya da lahira. Ka sa kwat ɗinka lafiya, ko da yake na ga hannun ya yi maka gajere.

Ni ma ka yafe mini. Na bar ka a durƙushe. Malam Sule ya ɗaga kai yana dubana, na ce ya rubuta, haka na ce. Kada ka ce sai ka sauka ka rubuto, kada ka ce sai ka dawo. Garba da zai kawo maka takardar nan zai kwana a Kano ya sauke buhuna, gobe ya juyo. Ka ba shi amsa a rubuce, ko layi ɗaya ne, zan sa a karanta mini. Yafiya guda nake ɗauke da ita zuwa lahira, ta ishe ni nauyi.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke ku lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin iska, da sharrin wurin zama mai daɗi. Ya haɗa ka da mutanen kirki, ya ba ka abin da ka je nema, ya dawo mana da kai da imaninka da hankalinka. Ka riƙe salla ko rana ba ta fito ba. Ban san ko ta kanmu jirginku zai bi ba, amma jibi ina gona tun safe, kuma ba zan zauna a inuwa ba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Jibo na Durun.